Duhun Rana Tsaka a Hanyar Makarfi

A Gilasgo ta ƙasar Sukotland, inda nake zaune, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a watan Disamba. Shi ya sa duk inda ake gyaran titi, tun daga nesa alluna ke fara yi maka magana: rage gudu, koma ɗaya hannun, saura yadi 800. Ga fitilu, ga ma'aikata cikin riguna masu ɗaukar ido, ga kyamara tana auna gudunka. Da wannan idon na sauka Zariya a hunturun 2021, za ni ɗaurin aure Ikara, a zatona nan ƙasar rana ce, duhu sai bayan magariba.

Ashe akwai wani duhun. Iskar hunturu ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta zube ta a kan ƙasar Zazzau. Da hantsi sai ka kalli rana ido da ido, fara fat kamar faifai. Ƙara da hayaƙin ƙunar daji da na masu dafa mazarƙwaila, don Kudan da Makarfi gidan rake ne, kuma lokacinsa ke nan.

A lokacin ana tsakiyar sabunta babbar hanyar Abuja zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, aikin da aka fara a 2018. Mun bar Zariya ba da nisa ba sai aka karkatar da mu, masu zuwa da masu dawowa duk muka haɗu a hannu ɗaya. Na yi ta raba ido ina neman allon da ya sanar da mu. Akwai shi, amma ƙura ta yi masa riga, sai da muka zo daf na iya karanta shi. Direbanmu, wani dattijo da ya naɗe kansa har kunne, ya riga ya rage gudu tun tuni.

Na ce, "Baba, ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Malam, jiya da nan na wuce. Kuma ba ka ga wancan ya yi mini fitila ba?"

Ban gani ba. Daga nan na koma ɗalibi. Mai tahowa ya ƙyafta fitila, akwai abu a gaba. Tirelar da ke gabanka ta kunna sigina ta hagu alhali ba kwana za ta yi ba, tana ce maka kada ka fito, mota na tafe. Ɗanyen ganye a zube bisa kwalta, wata mota ta lalace nan kusa. A bakin karkatar kuwa wani saurayi ne riƙe da jar tuta, hular sanyi har gira, gashin idonsa ya yi fari da ƙura, leɓɓansa sun tsattsage. Duk direban da ya wuce sai ya ɗaga masa hannu, wani ya miƙa masa ruwan leda.

Can inda na saba, an ɗebe wa direba wahalar sani, an rubuta masa komai a gefen hanya, har ni na daina kallon fuskar kowa in ina tuƙi. Nan kuwa ilimin hanya yana cikin kawunan mutane, kuma kullum sai an sake biya shi, don karkatar jiya ba lalle ta zama ta yau ba. Abin ya burge ni, amma ban yarda ya wadatar ba. Baƙo ba ya jin wannan yaren, haka direban dare da ya taso daga Legas bai runtsa ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan tsananta faɗakarwa a watannin ƙarshen shekara, sai dai faɗakarwa ba ta goge ƙurar allo.

Da muka yi kwana a Tashar Yari muka miƙi hanyar Makarfi, sai na ga waɗanda suka fi ba ni tsoro. A-kori-kura an labta mata rake har ya zarce bodi ya rufe fitilun baya, an ɗaura tsumma ja a bakin kara ɗaya, shi ke nan. Mai babur ya goyo kwandunan tumatir, ya rufe fuska da rawani saboda sanyi, ƙwalla na zubo masa. Yara masu talla suna tsallake titi a guje, kayan jikinsu launin hazon ne sak. Su ba wanda ke yi musu sigina.

A Ikara na kwashe labari na zuba wa masu masaukina, har da shawarar a riƙa raba wa masu babur riguna masu ɗaukar ido. Yayan ango ya saurare ni tsaf, sannan ya ce rigar tana da kyau, akwai ma masu sa ta, amma in ta kwana biyu a wannan hanya sai ta koma kalar ƙasa, kuma mai babur ba zai sayi sabulu kullum don ita ba. Sai ya juya ya ce wa ƙanensa a nemo mini motar da za ta tashi bayan rana ta ɗaga, kada a sa baƙo a ta asuba.