Yunwar da na kwaso a kan Dutsen Teburi

Da mai masaukina ya ce gobe bayan sallar asuba za mu hau dutse, sai na tambaye shi wa za mu gani a can sama. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, dutsen za mu gani." Mu dai a wurinmu mutum ba ya wahalar da gwiwarsa ba gaira ba dalili. Amma a Cape Town dutse maƙwabci ne. Duk layin da ka bi, ka ɗaga kai, yana nan tsaye, samansa a shafe kamar an sa wuƙa an yanke, tsayinsa ya haura mita 1,080.

Ta Platteklip muka bi, wani kwazazzabo da ya tsaga dutsen tun daga ƙasa. Hanyar ba ta da ɓata, ba ta kuma da tausayi: matakala ce ta duwatsu, ɗaya kan ɗaya, inuwa sai ka ci sa'a. Awa uku na yi ina haki. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wasu dattawan mata da suka zo suka wuce ni suna hirarsu, har ɗaya ta miƙo mini lemo. A sama na tarar da rema birjik tana shan hantsi, ba ta ko kallon mutane. Daga nesa kuma ga tsibirin Robben kwance a cikin teku, inda Mandela ya yi shekara 18 a ɗaure.

Ba mu jima ba iskar kudu maso gabas ta taso, gajimare ya malalo ya lulluɓe dutsen. 'Yan garin na ce masa ƙyallen teburi. Nan take zafi ya koma sanyi mai ratsa ƙashi, na gane dalilin rigar sanyin da aka tilasta mini ɗauka. Saukowa dai a motar da ke rataye jikin waya na yi, wadda aka fara aiki da irinta a dutsen nan a 1929. Gwiwata ta ce ta gama.

Da yunwar da na kwaso a kan dutsen na shiga Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje launi-launi a gangaren Signal Hill. Muna cikin tafiya aka saki igwa, na daka tsalle, yara suka bushe da dariya. Ashe haka ake sanar da sha biyun rana. Kakannin yawancin mutanen nan Turawan Holan ne suka kawo su daga Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka, wasu bayi, wasu fursunonin siyasa. Ɗaya daga cikinsu, Tuan Guru, a tsare yake a Robben lokacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Masallacin Auwal da aka kafa a 1794 shi ne na farko a Afirka ta Kudu, a nan na yi azahar.

Tarihin nan duk yana cikin tukunyarsu. An kawo mini bobotie: niƙaƙƙen nama da kori da zabibi, an kwarara ƙwai da madara a kai an gasa, ga shinkafa rawaya da kurkur. Zaƙi a cikin nama, da a gida ne sai in ce mai girkin ta yi suɓutar hannu. Loma ta uku na daina gardama. Ranar Lahadi da safe kuma sai koesister, ɗan'uwan fanke ne amma ya fi shi gata, da kirfa da citta, a tsoma a ruwan sukari a birkiɗa a kwakwa. Ga kwanciyar hankali, domin shagunan halal ba sai ka yi cigiya ba.

Daren ƙarshe muka je unguwar Athlone cin gatsby, burodi mai tsawon kamu guda, an ɗura masa soyayyen dankali da nama da yaji. Mai shagon ya tambaya gida nawa za a yanka. Na ce a bar shi haka, ni da na hau dutse. Ya dube ni, ya dubi mai masaukina, ya yanka huɗu. Ɗaya da rabi na iya ci.