Yawon Alhamis da Baffa

Ranar Sallah ƙarama da ta wuce jikokina suka kewaye ni a zaure, kowa da sabon ɗinki, suna neman kuɗin shiga wurin wasa. Na lalubi aljihu na ba su, suka ruga har suna ture juna a bakin ƙofa. Da ƙurarsu ta lafa sai na zauna ina ƙirga wuraren da ƙafarmu ta taka muna yara a birnin Kano ba tare da wani ya tambaye mu ko anini ba. Har aka kira La'asar ban kai ƙarshen lissafin ba.

Mu dai ranar yawonmu Alhamis ce. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san daɗinta. Tun yammacin Laraba an jingine alluna a bango, bulalar malam ta samu hutu, mu ma mun samu. Ƙanin mahaifinmu, Baffa, baduku ne a Kasuwar Kurmi, kullum hannunsa da warin jima da jan karan dafi. Allah bai ba shi haihuwa da wuri ba, sai ya mai da mu 'ya'yansa. Da hantsi zai leƙo tsakar gida ya gaida Inna, sa'an nan ya dube mu ya ce, "Ku wanke fuska, yau za mu je gaida gari." Haka yake faɗa, gaida gari, kamar garin wani dattijo ne da ke zaune a kan buzu yana jiran mu.

Guzurinmu ba ya wuce kwabo biyu ko uku. Gyaɗa ta kwabo, ƙuli-ƙuli na kwabo, in Baffa ya yi ciniki a makon sai mu biya ta Jakara a sayo gurasa mai ɗumi, a naɗe a takarda. Ruwa kuwa ba a ɗauka. Gidaje da yawa akwai randa a zaure da moɗa a kanta, ka yi sallama ka sha ka yi godiya ka wuce. Wani lokaci mai gidan ya tambaye ka ɗan gidan wa, kana faɗa sai ya ce ai kakanka abokinsa ne, ya ƙara maka da dabino biyu.

Da Dala muke farawa, don ita ce kusa. Ta gefe muke hawa, muna kama dutse da hannu, jar ƙasa tana zubo mana a ka. Baffa yana daga baya, riga a saɓe a kafaɗa, yana cewa, "A hankali, ɗan nan, dutsen ba gudu zai yi ba." Wannan jar ƙasar ita ke tona mana asiri ranar da muka saci jiki muka je mu kaɗai. Inna ba ta tambaya, gindin wando kawai take dubawa.

Amma in ka kai sama! Iska ce ke fara tarbarka, mai sanyi, wadda ba ta sauka cikin lunguna. Daga nan sai ka ga Kano gaba ɗaya a shimfiɗe kamar tabarma. Gari ne na ƙasa, ja-ja, soraye da zankwaye, kwano sai jefi-jefi. Dabino da giginya sun miƙe tsakanin gidaje, kududdufai suna ƙyalli kamar an watsa tasoshi a rana. Ga koriyar ƙubbar Babban Masallaci da hasumiyoyinta biyu, ga Gidan Rumfa a kusa da ita. Ta wajen Ƙofar Mazugal dalar gyaɗa ce jere, buhu kan buhu, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko. Muna yara mun yi gardama mai zafi a kan wace ta fi tsawo, dalar gyaɗa ko wadda muke tsaye a kanta. Baffa ya bar mu muka gaji, sa'an nan ya ce ai ga mu muna leƙen ta gyaɗar daga sama, amsa ta fito.

Abin da ya fi zama a raina shi ne sautin. A can sama komai yana isowa a hankali, a tace. Lugude daga wani gida, kukan jaki daga wani, ƙarar mabuga suna dukan shuɗi kamar masu kiɗa, mai tallan fura tana jan murya. Shirwa tana shawagi a ƙasa da kai, kana ganin bayanta, abin da ba ka taɓa gani daga tsakar gida ba. In jirgin sama ya taso zai sauka a filin da ke arewa, sai mu bar komai mu bi shi da ido har ya ɓace bayan itatuwa.

A nan Baffa ke zama ya buɗe bakin labari. Ya ba mu na Barbushe, ƙaton mutumin da ke shiga wurin Tsumburbura sau ɗaya a shekara ya fito ya faɗa wa mutane abin da zai auku. Yakan rufe da cewa wannan zamanin jahiliyya ne, sai ya nuna mana wajen Madabo da yatsa, ya ce can Wangarawa suka sauka da littattafansu a zamanin Sarki Yaji. Sai da na shiga makarantar boko na ji cewa masana sun tono alamun narkar da tama a gindin dutsen nan tun wajen ƙarni na 7, kuma wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dala a 1851 ya zana garin a takarda. Da na kawo wa Baffa wannan labari ina ɗoki, ya yi murmushi ya ce, "To, shi ma ya zo gaida gari ke nan."

Kowa ya san hawan Dala ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, lokacin da dutsen ke cika maƙil da yara da 'yan mata da masu alewa. Muna zuwa, ba ma fashi. Amma Dala ta Alhamis, wadda babu kowa sai mu da awaki biyu uku, ita ce tawa.

Bayan Dala sai badala. Yaran yanzu in na ce musu mun yi tafiya a kan ganuwar Kano, ƙafa da ƙafa, daga wannan ƙofa zuwa waccan, sai su dube ni kamar ina tatsuniya. Alhali kuwa hanya ce sosai. Ruwan sama ya zaizaye ta a wurare, sai ka sauka ka sake hawa, amma akwai inda mutum biyu za su jera ba su gogi juna ba. Baffa ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin, shekara ɗari takwas da wani abu da suka wuce, kuma ranar da aka sa hannu shanu ɗari aka yanka wa ma'aikata. Mu abin da ya dame mu a labarin shi ne naman: wa ya cinye shi, kuma an ba yara?

Daga kan badala ido biyu gare ka. Na dama yana ganin cikin gari, na hagu yana ganin waje. Ta yamma, tsakanin Goron Dutse da Kabuga, cikin ganuwar ma gonaki ne, gero da dawa sun fi mutum tsawo da damina. Baffa ya ce da gangan magabata suka kewaye fili haka, don in abokan gaba sun tsare ƙofofi kada yunwa ta ci gari. Ta waje kuwa rami ne mai zurfi, cike da sarƙaƙiya da ƙaya, ruwa ya kwanta a ciki, kwaɗi suna ta sha'aninsu. A gefen nan muke tsinkar magarya da aduwa. Aduwa ga zaƙi ga ɗaci, in ka sha da yawa cikinka zai ba ka labari kafin Magariba.

Ƙofofin kuwa kowace da halinta. Na fi son Ƙofar Na'isa. Ƙunci gare ta, da kauri, in ka shiga cikinta da tsakar rana sai ka ji sanyi kamar ka sa kai a randa. Warin jemage da kashin jaki da tsohuwar ƙasa, wari ne da har yau in na ji irinsa a wani tsohon soro sai na tsaya. Jakai suna shigowa da mangala, Fulani mata da ƙore a ka, mai keke ya sauka ya tura don ba a wuce dattawan da ke zaune a bakin ƙofa a kan sirdi. A Ƙofar Kabuga akwai wani tsoho mai saƙar igiya da Baffa ke durƙusawa ya gaisar. Yana yaro lokacin da Turawa suka shigo ta nan a 1903, Sarki Alu ba ya gari. Ba ya yawan magana a kai. Abin da yakan ce kawai shi ne ƙarar igwa ta sa kajin gidansu sun kwana uku ba su yi ƙwai ba, mahaifiyarsa kuma ta tura shi ƙarƙashin gado ta zauna a bakin ɗaki da taɓarya. Yana faɗa yana murza igiyarsa a cinya. Mun karanta yaƙin nan a littafi daga baya, da sunayen hafsoshi da adadin sojoji, amma ni taɓaryar nan nake gani.

Marinar Ƙofar Mata ba ɓoyayyen wuri ba ne, har Turawa masu ɗaukar hoto suna zuwa. Sai dai a lokacin karofi ba ɗaya ba ne, akwai ƙanana a cikin unguwanni, kuma hanci ke kai ka. Warin baba da toka yana tarbarka tun daga nesa. Marina hannuwansu shuɗi har gwiwa, ba sa korar yaro in ya tsaya da ladabi. Wani ya taɓa barina na tsoma tsumma, na ga ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a hannuna. Na kai gida na ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma kamar dukiya.

Da muka ɗan tasa, ƙafa ta daina isar mu, sai hayar keke. Mukan tara sisi-sisi mu karɓi Raleigh guda biyu, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya zauna a kariya, mu nufi Fanisau. Mutanen birni da yawa ba su san Fanisau ba sai ranar da Sarki ya yi hawa can bayan Sallah. Garin yana arewa, bayan filin jirgi, a jikin duwatsu. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mai da shi ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma gidan sarki da tsohon masallaci suna nan. Mukan jingine kekuna a gindin tsamiya, mu gaida dattawa, mu hau dutse mu zauna. Shiru ne irin wanda babu shi a birni, sai kukan kurciya. Wata rana taya ta yi faci a hanyar dawowa, rana ta yi zafi, kuɗinmu ya ƙare. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta ta dama mana fura, muka ce ba mu da ko kwabo. Ta ce, "Ku sha, 'ya'yana, wa ya yi muku maganar kuɗi?" Mun turo keken har gida, mai haya ya yi faɗa, Baffa ya biya.

Baffa ya rasu shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, 1973. A 'yan shekarun nan ne fari da cutar gyaɗa suka tafi da dalar gyaɗa. Sauran abubuwan a hankali suka bi. Aka riƙa ɗibar ƙasar badala ana gini, aka cike kududdufai, gonakin cikin ganuwa suka zama unguwanni. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa mai faɗi. Kyakkyawa ce, motoci suna wucewa a sake, amma ba ta da sanyin nan. Ba na zargin kowa. Mutane sun yawaita, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa, ni ma gidan da nake ciki a kan tsohuwar gona yake. Sai dai in na bi ta wurin a adaidaita sahu, nakan ji kamar na wuce ƙofar gidan aboki da ya tashi.

Duk da haka gari bai ƙare ba. Dala tana nan, da matakala yanzu, mai gwiwa irin tawa ma yana iya hawa in ya huta sau uku. Akwai guntayen badala da suka rage ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya. Tsofaffin ƙyamaren ƙarfe na ƙofofin gari suna ajiye a Gidan Makama. Fanisau ma tana inda muka bar ta. Kuma a bakin kowace ƙofa har gobe ba a rasa dattijo guda da ke zaune da labari a bakinsa, ba wanda ya tambaye shi.

Na gaya wa jikokina Alhamis mai zuwa su wanke fuska da wuri. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Kaka, nawa ne kuɗin shiga?" Na ce ta taho da gyaɗa kawai. Kai ma da kake karanta wannan, in kana da yaro a gida, kama hannunsa bayan La'asar ku hau Dala kafin rana ta faɗi, ka nuna masa unguwar da aka haifi kakansa.