Aron Yaƙi

A Gwammaja an yi wani tsohon soja wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Calawa ba, sai a 1914 da aka kai su yaƙin Kamaru. Can ya tarar Turawa sun kwaso ƙananan jiragen aiki daga Ikko, har da Ivy, jirgin hawan Gwamna. Aka ɗora musu igwa, suna sintiri a rafuffukan Duwala, har garin ya sallama ran 27 ga Satumba.

Ya kan ce shi da jiragen nan ɗaya suke: shi manomi, su 'yan dako, yaƙi ya are su. Da aka ƙare, aka sauke musu igwa. Tasa kuwa a ƙirji take, har ya rasu ba ta sauku ba.