Ranar da Lamba 64 Ta Kunyata Mu

Mu uku aka tura wani kamfanin sayar da kayan gini domin sanin makamar aiki, bayan mun gama aji biyu a jami'a. A mako na uku, injiniyan da ke kula da mu ya ce mu raba na'urorin kamfanin gida huɗu: na ofishin manaja, na masu karɓar kuɗi, na sito, da wayoyin baƙi. Idan an raba, shi zai sa dokar da za ta hana wayar baƙo kaiwa ga kwamfutar lissafin kuɗi.

A takarda mun san abin. Kowace na'ura da ke kan layin sadarwa tana da adireshin IP, kamar 192.168.1.10. Kashi huɗu ne, kowanne daga 0 zuwa 255, domin da gurabe takwas na sifili da ɗaya ake gina kowane kashi. A kamfanin nan, kashi uku na farko su ne sunan unguwa, na ƙarshe kuma lambar gida. Gidaje 256 ke nan. Aikinmu shi ne mu yanka unguwar zuwa ƙanana huɗu, kowace da gida 64: daga 0 zuwa 63, 64 zuwa 127, 128 zuwa 191, sai 192 zuwa 255.

Muka ba masu karɓar kuɗi unguwa ta biyu. Da ƙarfin gwiwa muka goge tsohon adireshin kwamfutarsu, muka rubuta 192.168.1.64. Ta fito da gargaɗi, muka rufe ba tare da mun karanta ba. Rasit ya daina fita. Masu sayen siminti suka yi layi, mu kuma muna ta sauya waya, gumi na keto mana.

Da injiniya ya zo, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Samari, kun ba gida sunan unguwa." A kowace unguwa, lambar farko sunanta ce, ta ƙarshe kuma ta shela ce, wadda ake aika saƙo ga kowa da ita. Ba a ba na'ura ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka gidaje 62 ne ke da amfani, daga 65 zuwa 126. Ya gyara lambar, rasit ya fito nan take.

Ƙannenmu, abin da ya fi mana ciwo shi ne, tushen wannan duka darasin lissafin sifili da ɗaya ne da aka koya mana a sakandare, muka haddace don jarrabawa muka watsar. Kada ku bi sahunmu. Ku ɗauki biro yau ku raba 256 gida takwas. Na'ura nawa kowace unguwa za ta ɗauka, kuma daga wace lamba ta uku za ta fara?