Fitilun Tagogin Birnin Liyon



Birnin Liyon yana kudu maso gabashin ƙasar Faransa, a daidai inda kogin Rhône da kogin Saône suke haɗuwa. Tuddai biyu ne suka yi masa rumfa. Ɗaya shi ne Fourvière, wanda babbar majami'a take bisansa, mutanen garin suna ce masa tudun addu'a. Ɗayan kuma Croix-Rousse, tsohuwar unguwar masaƙan siliki, shi kuwa tudun aiki suke ce masa. A watan Disamba yinin wannan gari bai cika awa 9 ba. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma, har baƙo ya ga Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa da kusa. Wanda ya zauna cikin wannan dogon duhu da jaura mai ratsa ƙashi ba zai yi mamakin ƙaunar da mutanen wurin suke yi wa fitila ba.

Mun sauka a garin cikin makon farko na Disamban 2024, lokacin bikin da suke kira Fête des Lumières, wato bikin fitilu, wanda aka yi a shekarar daga ranar 5 zuwa 8 ga wata. Tun daga bayan gari muka fara ganin alama. A unguwannin da gidaje suke da ɗan lambu a gaba, an naɗe itatuwa da shingaye da igiyoyin ƙananan ƙwayayen lantarki, wasu farare, wasu masu launin zinariya. Waɗansu sun bi gefen rufi da su, waɗansu sun zagaye ƙofar gida. Yawancinsu irin ƙwayayen LED ne, masu cin wuta kaɗan, kuma ba sa zafi kamar na da. Akan haɗa su da ɗan agogo mai kunnawa da magariba ya kashe da tsakar dare, wayar kuma irin wadda ruwan sama ba ya yi wa lahani ce. Wannan ado na Kirsimeti ne, ana yin sa a ko'ina cikin Faransa, har ma'aikatun magajin gari na wasu ƙauyuka kan shirya gasar gidan da ya fi kyau.

Abin da Liyon ta keɓanta da shi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma girme shi nesa ba kusa ba. Shi ne ɗan guntun kyandir da ake sakawa cikin kofin gilashi mai kauri, sunansa lumignon. A daren 8 ga Disamba masu gida sukan jera su a bakin kowace taga ta waje. Gilashin yana kare harshen wutar daga iska, idan gari ya waye a wanke shi a ajiye sai baɗi.

Asalin al'adar yana komawa shekarar 1852. An ƙera mutum-mutumin Nana Maryamu mai ruwan zinariya, aikin wani gwani mai suna Fabisch, domin a ɗora shi bisa hasumiyar majami'ar Fourvière. An tsai da ranar 8 ga Satumba, sai kogin Saône ya yi ambaliya ya shiga wurin aikin, aka ɗaga zuwa 8 ga Disamba. Ranar ma hadari ya taso, shugabanni suka dakatar da wasan wuta da aka shirya. Da dare ya yi sama ta washe, sai jama'a suka fito da kyandirori suka jera a tagoginsu ba tare da jiran umarnin kowa ba, gari ya haskaka daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Fiye da shekara ɗari abin yana hannun iyalai. A 1989 hukumar birnin ta fara shirin haskaka manyan gine-gine da gadoji, a 1999 kuma aka mai da bikin na kwana huɗu. Yanzu baƙi kusan miliyan 2 suke zuwa. Mun tsaya a dandalin Terreaux muna kallon yadda ake harba hotuna masu motsi a fuskar ginin magajin gari, bango ya zama kamar ruwa yana gudana. Gani ya kori ji. Sai dai cunkoson ya kai mutum ba ya zaɓar inda zai sa ƙafa, ƴan sanda sun tare hanyoyi suna binciken jakunkuna, da yawa daga cikin tagogin da ke saman kawunanmu kuma babu ko kyandir ɗaya. Tsofaffin garin suna kukan cewa bikin baƙi yana neman haɗiye na masu gida.

Tarihi dai ya nuna wanne ne ya fi jure wahala. Bayan harin da aka kai birnin Paris ranar 13 ga Nuwamban 2015, wanda ya ci rayuka 130, an soke babban bikin, aka roƙi jama'a su kunna kyandir a taga domin tunawa da mamatan. A 2020 annobar korona ta sake hana taro, aka sake komawa ga tagogi. Duk ranar da shirin hukuma ya rushe, tun daga 1852, ɗan kofin nan na bakin taga ne yake saura.

A daren 8 ga wata muka bar tsakiyar gari muka hau unguwar Croix-Rousse da ƙafa. Gidajen masaƙa na da suna da dogayen tagogi, domin an gina su ne yadda hasken rana zai isa ga masaƙa. A nan muka ga jerin kofunan, bene bisa bene, suna ƙyafƙyaf cikin sanyi. Daga nesa ana hango ayarin mabiya addinin Kirista suna hawa Fourvière riƙe da kyandirori, kusa da manyan haruffan lantarki na godiya ga Maryamu. Wani abu da muka lura da shi: mai gidan da ya jera fitilun yakan ja labule ya koma ciki. Mai wucewa a titi da maƙwabcin da ke tsallake su ne suke morar hasken.

Musulmin Liyon suna da yawa, babban masallacinsu an buɗe shi tun 1994, kuma wannan dare yana zo musu da tambaya. Mai masaukinmu, mutumin Damagaram da ya daɗe a can, ya ba mu labarin ranar da ƙaramar ƴarsa ta dawo daga makaranta ta ce: «Baba, don me tagarmu kaɗai take da duhu?» Ya ce ya zaunar da ita ya faɗa mata asalin abin, da matsayin Nana Maryamu mai girma a wurinmu, da dalilin da ya sa ba ma girmama ta ta wannan hanya. Shi ba ya kunnawa, amma kowace shekara yakan taimaki wata tsohuwa maƙwabciyarsa jera nata, saboda hannunta yana rawa. Mun kuma haɗu da waɗansu iyalai Musulmi da suke kunnawa, suna ɗaukar abin a matsayin al'adar gari. Hukunci na malamai ne, mai tambaya ya nufi waɗanda suka san halin ƙasar. Abin da muke jan hankalin iyaye a kai shi ne kada a bar yaro da tambayarsa. Idan bai sami amsa a gida ba zai neme ta a waje, kuma ba lalle ne wadda zai samu ta yi wa iyayensa daɗi ba.

Tafiya mabuɗin ilimi. Bikin nasu ne, yana da tushe a addininsu da tarihin garinsu, ba mu kawo labarinsa don a kwaikwaya ba. Amma haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya ba baƙi ba ne a wurinmu. Lunguna nawa ne a garuruwanmu tsoho yake laluben hanyar masallaci da asuba cikin duhun hunturu, alhali kowane gida yana da fitila a tsakar gida? Ƙwai ɗaya a ƙofar zaure, ko ƴar fitila mai cajin rana, ya isa ya kare wani daga faɗawa kwata.

Allah ya haskaka zukatanmu da gidajenmu, ya ba mu ikon kyautata maƙwabtaka. Amin.