Daga Kalgo zuwa Gwandu: Bin sawun kalmar "Bamaguje"

'Yan uwana ɗalibai, akwai kalmar da muke jifan juna da ita a makaranta ba tare da mun san inda ta fito ba. Yaro ya yi sakaci da sallah ko ya ci abinci da hagu, sai ka ji an ce masa, "Kai Bamaguje ne?" Wasu na cewa daga "gudu" kalmar ta fito, wato waɗanda suka guje wa Musulunci. Amma masana harshe da tarihi da dama na ganin asalinta Larabci ne, "majus", sunan da Larabawa ke kiran mabiya tsohon addinin Farisa, ƙasar da yau ake kira Iran. Yaya aka yi sunan mutanen Farisa ya zo ya sauka a kan manoman ƙasar Hausa? Amsar tana cikin littattafan da aka daɗe ana karantawa a garuruwan malamai irin Gwandu. Shi ya sa a hutun da ya wuce na tashi daga Kalgo na nufi can.

Kalgo gari ne a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, kuma a gefensa, a hanyar Bunza, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take, wadda aka kafa a 2013. Da ka fita gari sai gonakin gero da dawa, da fadamun shinkafa, da tsamiya da kuka jefi-jefi. Waɗannan bishiyoyi biyu suna da alaƙa da labarinmu. Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun yi imani cewa iskoki na zama a cikinsu, da cikin duwatsu da rijiyoyi, ana yi musu yanka don neman ruwan sama ko lafiya. Waɗanda suka ci gaba da riƙe wannan al'ada su ake kira Maguzawa a ƙasashen Kano da Katsina. A nan yamma, da can Maraɗi da Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar, an fi cewa Arna ko Azna.

Gwandu kuwa tana cikin kwari ne, tuddai sun kewaye ta. Wanda ya ga garin yau, da babura da masu rake a bakin hanya, zai yi mamaki in aka ce masa daga nan aka taɓa mulkin ƙasar da ta kai har Nupe da Ilori. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a nan daga 1805 kafin ya koma Sifawa. Da aka raba kula da daula a 1812, yamma ta faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, kuma hubbarensa na nan ana ziyarta. Shi ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili da littafin Liya'ul Hukkami a kan shugabanci. A 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushe matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, ya tarar da kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Tambutu da Songhai, ya kwashe kwanaki yana kwafar sassansa. Yau Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune, amma karatun zaure bai bar garin ba. A irin waɗannan zauruka ne almajiri ke fara cin karo da kalmar "majus".

To su wane ne Majusawa? Mabiya wani mutum ne mai suna Zaratustra, Larabawa na ce masa Zaradasht. Masana da yawa na sa zamaninsa tsakanin shekara 1500 da 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya koyar da cewa akwai mahalicci mai hikima, Ahura Mazda, akwai kuma mugun ruhi, Ahriman, mai kawo ƙarya da ɓarna, kuma kowane mutum sai ya zaɓi ɓangaren da zai tsaya. Tarbiyyarsu ta ginu a kan abu uku: tunani, magana da aiki, kowanne ya kasance mai kyau. Littafinsu Abesta, a cikinsa akwai waƙoƙi 17 da ake danganta wa Zaratustra kansa. Suna addu'a sau biyar a yini. Yaro in ya tasa, ana yi masa bikin shiga addini, a sa masa farar riga, a ɗaura masa igiya mai zare 72 a ƙugu. Sun yi imani cewa bayan mutuwa rai zai bi ta kan wata gada, ta yi faɗi ga mutumin kirki, ta ƙuntata ga mugu.

An fi saninsu da wuta. A ɗakunan ibadarsu akwai wutar da ba a bari ta mutu, limamai na ciyar da ita da busasshen itace dare da rana. Ta birnin Yazd a Iran, an ce tun wajen shekara ta 470 take ci. Su dai suna cewa ba wutar suke bauta wa ba, alama ce ta haske da tsarki. Saboda ba sa son gawa ta ƙazantar da wuta ko ƙasa ko ruwa, a al'adance ba sa binnewa, ba sa ƙonawa. Suna ɗora mamaci a kan wata hasumiya marar rufi, ungulaye su cinye.

Wannan shi ne addinin sarakunan Farisa na daular Sasan, daga 224 zuwa 651, waɗanda littattafan sira ke kira Kisra. Sahabi Salmanul Farisi a gidan Majusawa ya tashi, har ya yi aikin kula da wuta kafin ya fita neman gaskiya. Alƙur'ani ya ambaci Majusawa sau ɗaya, a Suratul Hajji aya ta 17.

Bayan Musulmi sun ci Farisa, sai tambaya ta taso: yaya za a zauna da mutanen da ba Yahudu ba, ba Nasara ba? Abdurrahman bn Auf ya shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, sai Halifa Umar ya yi aiki da haka. Ma'anar jiziya ita ce mutum ya biya haraji, a bar shi da addininsa, a tsare masa rai da dukiya. Hukuncin ya shiga Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, littattafan da malaman ƙasar nan ke karantarwa har gobe. A hankali "majus" ta zama sunan duk wasu mutane marasa littafin da aka sani. Har mayaƙan teku na arewacin Turai da suka kai wa birnin Ishbiliya na Andalus hari a 844, haka marubutan Larabawa suka kira su. Da kalmar ta iso ƙasar Hausa, sai aka ɗora ta a kan masu bautar iskoki. A ƙarni na 19, Maguzawan ƙasar Kano sun zauna a ƙauyukansu ƙarƙashin daular Sakkwato suna noma suna biyan jiziya.

Ke nan Bamaguje bai taɓa sanin Zaratustra ba, ba shi da Abesta, ba shi da ɗakin wuta. Abin da ya haɗa shi da Bamajushe matsayi ne a shari'a, na maƙwabcin da addini ya bambanta amma aka ba shi amana. Kalmar da muka mayar zagi, a bakin malaman farko hanya ce ta zama tare ba zubar da jini.

Yau duka al'ummomin biyu sun ragu. Majusawan da suka yi hijira zuwa Gujarat a Indiya, waɗanda ake kira Parsi, ƙidayar 2011 ta same su 57,264, kusan rabin yawansu na 1941. Duk da ƙarancinsu, daga cikinsu aka sami Jamsetji Tata, wanda ya kafa kamfanin Tata a 1868, mai motocin da muke gani a titunanmu. Al'adarsu ta jana'iza ma ta shiga matsala, domin wani maganin dabbobi mai suna diklofenak ya kashe mafi yawan ungulayen Indiya kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Maguzawa kuma da yawa sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, jikokinsu na zaune aji ɗaya da wasunku a Kano da Katsina. Ka yi tunanin yadda irin wannan yaro yake ji in aka yi zagi da sunan kakanninsa, alhali Bahaushe ne kamar kowa.

Duk ɗalibin da ya sami dama ya je Gwandu, ya ziyarci hubbare, ya kuma roƙi wani malami ya buɗe masa babin jiziya a Risala ya ga kalmar da idonsa. Wanda bai sami zuwa ba, ga aiki mai sauƙi: ya zaɓi kalma ɗaya da ake zagi da ita a makarantarsu, ya tambayi malamin Hausa da kakanninsa asalinta, ya rubuto wa wannan shafi abin da ya gano.