Ƙoda Ma Tana Jin Gudun Ruwa

Bazazzagi ne ni, ban saba da yammacin Kano ba. Titin Gwarzo ya bi da ni ta gaban sabuwar Jami'ar Bayero, ya ratsa Rimin Gado, ya sauke ni a ƙasar Kabo ana tsakiyar bazara. Yankin madatsun ruwa ne; kudu kaɗan, a Karaye, dam ɗin Challawa na tare ruwa tun 1992. Kore kuwa sai inda injin ban ruwa ya kai.

A wata fadama na tarar da wani dattijo yana buɗe wa albasa ruwa fangali bayan fangali. Ko kallon injin ba ya yi. Ciyawar da ke cikin magudana yake duba: in ta kwanta, ruwa na gudu, in ta miƙe, wani abu ya toshe a baya. Na ce, "Baba, ruwan sha fa?" Ya ce, "Sai an tashi, ɗana." A aljihunsa akwai ƙullin leda na ƙwayoyin ciwon jiki daga kemis, irin haɗin nan da ba a tambayar sunansa.

Ashe dabarar ciyawarsa tana cikin jikinsa. Kowace ƙoda na da matatai kusan miliyan ɗaya, kuma a kullum su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su mayar da kusan dukansa, su bar lita ɗaya da rabi ta zama fitsari. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin siraran bututun matatan, yawancinsu na da gashi guda ɗaya tak da ya leƙo cikin ruwan. A 2001, Praetorius da Spring a Amurka suka nuna cewa in aka lanƙwasa gashin nan, sinadarin kalsiyam na ƙaruwa cikin ƙwayar. Gogar ruwan a jikinta saƙo ne: tana sauya yawan gishirin da take tsotsewa, tana kunna wasu ƙwayoyin gado, tana rage aikin wasu. Gadon kansa bai canja ba, abin da ake karantawa daga cikinsa ne ke canjawa.

Wata cutar gado ce ta sa masana suka ɗauki gashin da muhimmanci, wadda ƙoda ke cika da ƙululun ruwa har ta kumbura ta gaza. An gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa ta, PKD1 a 1994 da PKD2 a 1996, kuma sinadaran da suke ƙerawa a jikin gashin suke zaune. Sai dai ba a gama magana ba: a 2016 ayarin David Clapham a Boston ya ce bai ga kalsiyam na tashi daga cikin gashin ba. Cewa ƙwayar na jin gudun ruwa, wannan ba gardama. Ta wace kafa, nan ake ja.

A Gwarzo, hirar bakin shagon mai shayi ba ta kai can ba. Kumburin ƙafa ake sani, da hawan jini, da ciwon suga. Gaskiyarsu, domin ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gazawa, kuma maganin ciwon jiki irin diclofenac a kan ƙishirwar wunin rana yana rage jinin da ke isa gare ta. Wanda ciwon ƙodarsa ya tsananta, Kano za a nufa da shi, tafiyar kusan kilomita 70, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002. Wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ne a mako, ga kuɗin mota, ga mai jinya da ya bar gonarsa.

Ruwan Challawa na gangarawa kogin Haɗeja har Gashuwa, garin da ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗibar manoma, masu bincike kuma na ta auna ruwan rijiyoyinsa.